Tawadar da Ba Ta Yi Baƙi Ba

Sana'ata rubuta Alƙur'ani da hannu. Ita na gada, ita kaɗai na iya, don noman da nake yi na ganin ido ne. A zauren gidana da ke cikin garin Daura nake zama tun hantsi, takarda a kan gwiwa, kurtun tawada a dama, in yi ta jan alƙalami har la'asar. Izu sittin yakan ci mini wata tara ko goma in jiki ya ba da haɗin kai. Masu wannan aiki muna da wata ɗabi'a. In alƙalami ya zame, ko ɗigo ya faɗi inda ba muhallinsa ba, ba ma gogewa da tsumma, saboda tsumma a ƙasa zai ƙare, abin da ke jikinsa kuwa maganar Allah ce. Kan harshe ake sawa a ɗauke tun tawadar tana ɗanya. In bakin alƙalami ya yi kauri, tsakanin leɓɓa ake zare shi. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi ta yi har na daina sanin ina yi, kamar ƙifta ido.

Tawadar kuwa mai ɗakina ce take dafa mini. Shekara talatin da huɗu muna tare, ita kaɗai, kuma ban taɓa tambayarta yadda take haɗawa ba. Nakan dai ga bagaruwa a shanye a kan faifai, in ga ƙaro a jiƙe a kwano, in ji hayaƙi daga madafi. Kurtu ya kusa ƙarewa, in wayi gari in tarar da shi a cike. Tawadarta ba ta yin baƙi wuluk. Wani baƙi ne mai sirkin ja, kamar bayan dabino. Ban taɓa ganin laifinsa ba sai da aka nuna mini.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a kasuwarmu ta ɗan buɗe. Duk mai hali yana son a ce akwai rubutun hannu a gidansa. Sai dai idon mutane ya riga ya saba da bugun inji, wanda baƙinsa yake tsaye kamar an zana da kwalta. Wani alhaji mai fataucin shanu daga wajen Mashi ya zo zaurena ganin wanda na kusa kai rabinsa. Ya yi alwala, ya zauna, ya ɗaga warƙa biyu zuwa uku, ya ce, "Malam, hannu kam ya yi, sai dai rubutun kamar ya sha rana." Ya yi mini sallama ya hau babur ɗinsa.

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk unguwa an shaide ni. Da wannan zafin na shiga cikin gida. Na same ta a bakin turmi tana tankaɗe. Na dangwarar da kurtun a gabanta na ce, "Wannan tawada ce ko ruwan wankin kwano? Shekara talatin da huɗu, abu ɗaya aka ce ki yi, kin kasa."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Da na tsaya a nan da sauƙi, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma bakin nan nawa bai san birki ba. Na ce, "Wani hannun dai babu albarka a cikinsa." Na juya na fita. Ina jin rariya ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Bayan kwana goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. A rana ta biyu magana ta ɗauke. Na shiga ɗakin da niyyar in ce ta yafe mini, na tarar da mata cike, ga ƙanwarta, ga maƙwabta. Na ce a raina bari su rage, ina ni ina roƙon gafarar mace a gaban jama'a. Girman kai rawanin tsiya. Rana ta uku ina masallaci sallar la'asar aka zo aka tsaya a bakin ƙofa ana jiran in sallame. Allah ya yi mata cikawa.

'Yarmu guda ce, tana aure a Kano. Ta yi kwana bakwai ta koma. Na sa kwaɗo na rufe ɗakin uwarta, na jefa makullin a aljihun wata tsohuwar riga. Gidan ya yi mini faɗi. Kaji ma da ta bari na rabar, don in sun yi kuka sai in juya in ga ko ta fito ba su tsaba. Ladanin masallacinmu shi ne maƙwabcina, katanga ɗaya muka haɗa, iyalinsa kan miƙo mini kwanon tuwo ta saman katangar. In ci a tsaye, in ɗauraye, in mayar. Wani yinin, in ka cire sallama da karatun salla, ba na furta kalma goma.

Kurtun da ta cika ya kai ni kusan wata biyu. Da ya ƙare na shiga kasuwa na sayi ta kwalba wurin wani mai tebur. Na dawo na gwada a gefen takarda. Kai! Baƙi ƙirin, har da sheƙi, kamar fiffiken hankaka. Allah na tuba, abin da na ce a raina shi ne, yauwa, ga tawada.

Ba zan iya cewa ga ranar da ciwon ya fara ba. Da farko kan harshena ne yake ɗan yaji, kamar na kurɓi koko da zafinsa. Daga nan ya bi gefen harshe, ya shiga cikin leɓen ƙasa, ya taɓa dasashi. Da safe da dama-dama, kafin la'asar sai in ji kamar an baɗa mini barkono. Na ɗauki madubin da ta bari a tsakar gida na fita rana na buɗe baki. Babu ƙurji, babu kumburi, babu haƙorin da ke girgiɗi. Ɗan ja ne kawai, shi ma sai ka sa ido. Ciwon da ba a gani ba shi da ɗan jaje.

Amma yana da malamai. Ladan ya ce zafi ne ya taso daga ciki, in jiƙa tsamiya in sha da safe. Na sha har haƙorana suka mutu. Wanzamin da ke yi mini aski ya leƙa ya ce ai belu ne, ya yi tsawo, in zo da sassafe a cire. Na ce masa shekara sittin da ɗoriya muna zaune lafiya da beluna, ba yau za a raba mu ba. Wani mai magani a kasuwa, tun ban gama bayani ba, ya ce basir ne ya hau sama, ya ƙulla mini gari mai ɗaci. Matar ladan ta aiko mijinta ya gaya mini cewa ita dai tana zargin sammu, don akwai masu baƙin cikin yadda ake zuwa zaurena. Na ce a gaya mata wanda zai yi mini sammu a wannan halin ya yi asarar turarensa. Wani ya ce goro ne. Goro abokina ne tun ina saurayi, amma na bar shi. Na bar yaji, na bar shayi mai zafi, na canza itacen asuwaki daga darbejiya zuwa wani. Tuwo ya koma sai na dama shi da ruwa. Ciwo yana nan daram.

Abin ya kai ga karatu. Nakan ja salla a masallacin unguwa in liman ya yi tafiya. Akwai haruffan da sai gefen harshe ya dafa turamen haƙori suke fita, su ne suka fara gagara ta. Wata magariba na ji kaina ina tauna ayar da na rubuta da hannuna ba adadi. Daga ranar na koma sahun baya. Mutane suka ce mutuwar iyalinsa ce ta taɓa shi, wasu suka fara kawo mini zancen wata bazawara a unguwar gaba. Na ce su bar ni.

'Yata ce ta matsa. A lokacin wayar hannu ta fara shigowa, ta kira ta wayar wani mai shago, aka zo aka kira ni. Ta ce, "Baba, don Allah ka je asibiti." Na je don kada ta yi kuka. Likitan matashi ne, bai fi sa'an 'yata ba, amma yana da ladabi. Ya haska da tocila, ya danne harshen da wani ɗan itace, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ciwon baki irin wannan ƙofofinsa da yawa. Wani haƙori ne mai kaifi yake gurzar harshe, wani ƙarancin jini, wani ciwon suga, wani kuma bushewar yawu. Akwai mai cizon haƙora cikin barci bai sani ba. Akwai wanda man goge baki ne bai karɓe shi ba, ko taba da kanwa da yake dannawa a kunci. Aka ɗebi jinina, aka ce lafiya lau. Sai ya ce, "Baba, akwai wani sabon abu da kake sawa a baki, wanda da ba ka sawa?"

Na ce, "Ni yaron goye ne da zan riƙa tsintar abu ina sawa a baki?"

Ya yi murmushi ya ba ni haƙuri. Wallahi ko kusa tawada ba ta zo mini a rai ba. Ai ba ci nake yi ba, ba sha nake yi ba, aiki ne. Ya rubuta mini maganin kurkure baki, yana miƙo mini ya ce, "Damuwa ma tana kawo shi. Da wa kake zaune a gida?"

Na ce, "Ni da Allah." Na karɓi takardata na fito.

Gaskiyar magana, duk wannan yawo da nake yi na fitar da haƙƙi ne kawai. Ni na riga na yanke wa kaina hukunci tun tuni. Da wane abu na cuce ta? Da harshe. Ina ciwon yake? A harshe. Ba sai an kira mai duba ba. Baki shi ke yanka wuya. Na tabbata haƙƙinta ne ya kama ni, ta tafi ba ta yafe ba, kuma wanda zai yafe ɗin yana ƙarƙashin ƙasa. Har hujja nake da ita. Na lura ciwon yakan lafa ranar Alhamis, ya kusa ɓacewa ranar Juma'a, Asabar da la'asar ya dawo. Na ce to, ai mun ji ana cewa ko azaba akan sassauta ta ranar Juma'a. Ban tsaya na tuna cewa Alhamis da Juma'a ba na taɓa alƙalami ba, kamar yadda muka taso a makaranta. Mai neman laifin kansa shi ma ba ya rasa shaida.

Da azumi ya kama na naɗe takardu na ajiye, don a watan tilawa kawai nake yi. Kafin goma ga wata bakina ya warke sarai. Na yi kuka a sujada, na ce Allah ya karɓi tubana, ta yafe. Na ci tuwon salla da yaji har ina gumi. Bayan salla da kwana biyar na koma kan aiki. Kafin sati ya zagayo wutar ta dawo, har ta fi ta da.

Wannan dawowar ita ta karya ni. Na tafi maƙabarta da hantsi, ni kaɗai. Damina ta wuce a kan kabarin, ciyawa ta rufe, fasasshiyar tukunyar da muka kafa a matsayin alama ta yi 'yan'uwa da yawa a kewaye. Na tsaya tsakanin kaburbura uku ban san wanne ne nata ba. Na yi musu addu'a su duka. Sannan na ce, "Ki yi haƙuri," a hankali, ina waige kada wani ya ji. Ko a nan ma kunyar mutane ba ta bar ni ba.

Bayan an gama girbi ƙanwarta ta zo daga ƙauyensu a ƙasar Baure. Ita ma ta manyanta, har da jikoki, amma wasan ƙanwar mata da mijin ya ba ya tsufa, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. Ta sauka daga kan ɗan acaɓa da ƙullin wake da kuka, ta yi sallama a zaure, ta tsaya tana kallona.

"Mijina, kai ne ka koma haka? Kamar kazar da ruwa ya ba kashi?"

Na ce, "Sannu da zuwa. Baki ne ya hana ni ci."

"Bakin naka? Ashe shi ma yana gajiya."

Ta zauna daga gefe tana ba ni labarin mutanen gida, ni kuma ina ƙarasa layin da na fara don kada tawada ta bushe a alƙalami. Wasali ɗaya ya zame mini. Na ɗaga takardar na sa harshe na ɗauke. Sai ta miƙo hannu ta ja kurtun, ta sansana, ta dangwala ɗan yatsa ta taɓa a harshenta. Nan take ta tashi ta fita ƙofar zaure ta tofar, ta goge baki da gefen mayafi.

"Malam, wa ya ba ka wannan?"

Na ce a kasuwa na saya.

"Tun yaushe kake lasar ta?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai lissafin ya faɗo mini a rai. Alhamis. Juma'a. Azumi.

Ta ce, "Baƙin garin da ke cikin batir ne wannan, irin wanda ake shafa wa allon makarantar boko, aka haɗa da rinin tufafi. Inna lillahi! Kai da karatunka? Ai Yaya ta gwada irinta ta zubar."

Na ce, "Ta gwada? Yaushe?"

Ta dube ni kamar tana auna ko da gaske nake. Sai ta koma ta zauna. Ta ce kamar sati guda kafin Yaya ta kwanta, ta shigo Daura suna, ta biyo ta gidan nan, ni ina zaure ban ma san ta shiga ba. Ta tarar da ita a madafi da tukwane uku a gaba. Wata mata ta ba ta shawarar baƙin batir, wata ta ce rini. Ta haɗa kowanne, kuma duk sun yi baƙi yadda ake so. To ita Yaya, in ji ta, ba ta taɓa zuba mini tawada a kurtu ba sai ta ɗanɗana, tun tana amarya. Ta ɗanɗana waɗannan, ta bar su a kan harshe kamar yadda ta ga ina yi. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Ta haƙa rami a bayan madafi ta juye su.

"Na ce mata, Yaya, ki ba shi abin da ya nema mana ki huta da faɗa. Ta ce, ke ba ki san shi ba, rabin tawadar nan a cikinsa take ƙarewa. Gara ya yi ta faɗan da bakinsa lafiya."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Ta gaya miki abin da na ce mata?"

"Ta gaya mini. Wai hannunta ba albarka. Ya yi mata ciwo, ba zan ɓoye maka ba, har ta share ido. Amma daga baya ta ce, to izu sittin sau nawa ya fita daga wannan hannun? Ta yi dariya. Ta ce bar shi, in ya huce zai zo yana kame-kame, haka yake."

"Ta yi dariya?"

"Har da tafa hannu. Kai dai ba ka zo da wuri ba ne."

Ban taɓa kuka a gaban mace ba sai ranar. Ita ma ba ta tsokane ni ba, ta bar ni na yi mai isata. Da na natsu ta ce in ba ta makullin ɗakin ta share, shekara guda ɗaki a rufe ba kyau. Na lalubo shi a aljihun tsohuwar rigar. Ba ta daɗe da shiga ba ta kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙamshin ɗakin yana nan yadda na san shi. Ta sauko da wata ƙwarya daga ragaya, an rufe da faifai. A ciki akwai curi-curi baƙaƙe masu sirkin ja, kamar daddawa, a bushe ƙamas. Ta ce bayan Yaya ta zubar da waɗancan, sai ta dafa irin tata ta kullum, mai yawa, ta cure ta shanya. In an jiƙa guda a ruwa zai cika kurtu. Ta ce, "Na ɗauka ka sani. Ashe kai ko madafi ba ka taɓa leƙawa ba."

Na haƙa rami a bayan madafin na juye ta kwalbar. Kwana goma ba su cika ba bakina ya koma daidai. Na koma cin goro, na koma jan salla in liman ba ya nan. Ladan har gobe yana cewa tsamiyarsa ce ta yi aiki a makare, ban yi masa musu ba. Ban ce duk mai ciwon baki tawada ya lasa ba, kowa da ƙofar da nasa ya shigo. Nawa dai ta nan ya biyo.

Alƙur'anin da nake kai a lokacin shi ne wanda alhajin nan ya ƙi, makoki da ciwo sun sa ya daɗe a hannuna. Na ƙarasa shi da tawadarta. Duk wanda ya buɗe zai ga farkonsa ja-ja, tsakiyarsa baƙi ƙirin, ƙarshensa ya koma ja-ja. An taya shi sau biyu na ce ba na sayarwa ba ne.

Curin da ta bari na yi ta tattalinsa, ina ƙara ruwa fiye da ƙima, har rubutun ya koma da gaske kamar ya sha rana. Tawadarta tana da ɗan ɗaci kaɗan, da bauri irin na bagaruwa, da wani ɗan zaƙi a ƙarshe wanda har yau ban san me take sawa ba, ƙanwarta ma ba ta sani ba. Shekara talatin da huɗu yana kan harshena ban taɓa jin sa ba sai da ta tafi. Astagfirullah, a kwanakin da nake kan curi na ƙarshe na sha kama kaina ina murna in alƙalami ya zame.